Mitar Fijo 504: ka kwance da kanka ko ka kai wa rewaya?

Mu nan wajen Ringim masu tsohuwar 504, in allurar mai ko ta zafin inji ta tsaya hanya biyu ce. Ka kwance da kanka ba ko sisi amma wallahi sai da haƙuri, ka fara cire kan batir, ka zare kebul ɗin gudu ta baya a hankali don daga giya yake tahowa, ka ɗau hoton wayoyin kafin ka taɓa komai, ga robar rana ta gama gasa ta, kana matsawa ta ɓalle. Rewaya kuwa, wato mai gyaran wayoyin mota, zai caje ka amma zai gwada wayoyin ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa ma allurar lafiyarta lau, wayar at, wato wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ita ce ta yi tsatsa. Ni dai ƙwan fitilar cikin mitar nakan canza da kaina, in ya wuce nan sai rewaya.