Gargaɗi ga masu neman tsofaffin kyamarorin fim: a kula da mai "kayan marigayi Baba"

Jama'a, masu harkar hoto da masu sha'awar tsofaffin kyamarori, a yi hattara. Akwai wani mai talla da ke yawo a Instagram da Facebook da zaurukan WhatsApp, yana nuna kyamarori masu cin babban fim ɗin nan mai lamba 120: Hasselblad 500C/M, Rolleiflex, Mamiya RB67, wani lokaci har da Pentax 6x7. Kama sunansa ba shi da amfani, domin wanda yake amsawa yau ba shi zai amsa gobe ba. Salonsa ne dai ba ya sauyawa, shi ya sa zan zayyana shi.

Kullum labarin ɗaya ne. Mahaifinsa tsohon mai hoto ne, Allah Ya yi masa rasuwa, ya bar akwati cike da kayan aiki, ana son a raba gado, shi kuma bai san kan kayan ba. Sai ya yanka farashin da bai kai sulusin na kasuwa ba. Cikakkiyar Hasselblad 500C/M mai aiki, da gilashinta na gaba da gidan fim ɗinta (akwatin baya da ake saka fim a ciki), da wuya ka same ta ƙasa da dala 1,000 a ko'ina a duniya, amma shi zai ce ka kawo abin da ya sawwaƙa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ya kan ƙara da cewa "irin wadda aka kai duniyar wata ce". Gaskiya ne 'yan sama jannatin Amurka sun je wata da Hasselblad a 1969, sai dai mutumin da ya ce bai san komai game da kyamara ba, ina ya samo wannan tarihi?

In kana Kano, zai ce yana Fatakwal. In kana Legas, sai ya koma Kaduna. Hotunan da yake turowa kuwa tas-tas, a kan farin teburi, da haske irin na ƙwararru. Ba nasa ba ne. Daga shafukan dillalan Japan da ke kasuwar intanet ta eBay yake kwaso su. Saka ɗaya a Google Lens, manhajar da ke binciko asalin hoto, cikin minti guda za ka ga asalin tallar da asalin kuɗinta.

Da ka nuna sha'awa sai gaggawa ta tashi: "Alhaji, akwai wanda ya riga ka magana, amma na fi son in ba ka, ka tura ko rabi ne kafin alƙalami." Lambar asusun da zai bayar ba sunansa ke kai ba, wai na matarsa ne ko na ƙaninsa. Bayan ka tura, zai aiko maka hoton kwali da takardar mota. Washegari wani ya kira ka a matsayin direba, ya ce jami'an kwastan sun tsare kaya a hanya, sai an biya kuɗin fito. Kayan da aka ce sun shekara arba'in a ɗakin tsoho, wane fito kuma? Wanda ya biya wannan za a sake ƙirƙiro masa wani, har ranar da ya yi gardama. A ranar ake toshe lambarsa.

Wannan shi ne mai sauƙin ganewa. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne lokacin da kwalin ya iso da gaske, domin a nan zai ce ai ya cika alkawari, alhali abin da ke ciki ba lallai ne ya zama abin da ka biya ba.

Akwai kyamara mai suna Kiev 88, wadda masana'antar Arsenal ta ƙera a Yukren zamanin Tarayyar Sobiyet, an kwaikwayi surar tsohuwar Hasselblad. Daga nesa, ko a hoto mai duhu, wanda bai saba ba, sai ya ɗauka Hasselblad ce. Bambancin yana nan: a Hasselblad 500, abin da ke buɗewa ya rufe lokacin ɗaukar hoto yana cikin gilashin gaba, kuma a jikin gilashin ake saita saurinsa, iyakarsa 1/500. A Kiev 88 labule ne a cikin jikin kyamarar, ana saita shi a maɗaurin gefe, yana kai 1/1000. Kyamarar Leica ta Jamus ma ana yin jabunta. An daɗe ana ɗaukar kyamarorin FED ko Zorki na Sobiyet, a goge sunan, a zana Leica, a shafa ruwan zinare, a ce ta sojojin Jamus ce ta lokacin yaƙin duniya na biyu.

Ko da Hasselblad ɗin ta gaske ce, ka sa a cire gidan fim a nuna maka lambar da ke bayan jikinta. Akwai haruffa biyu da ke faɗin shekarar ƙira, bisa kalmar VHPICTURES: V ɗaya ce, H biyu, haka har E tara, S sifili. UH na nufin 1972, RS na nufin 1980. An fara 500C/M a 1970, saboda haka in ka ga TC, wato 1965, tsohuwar 500C ake son sayar maka da kuɗin ƙanwarta. Ka duba gidan fim ɗin kuma. Mai lamba A12 shi ne na fim 120, mai ba da hoto 12. A24 na fim 220 ne, wanda Kodak da Fujifilm suka daina yi tuntuni, shi ya sa ya fi araha, kuma shi ya sa ake cusa wa baƙo.

Sai lafiyar gilashi. A haska fitilar waya ta bayansa. In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, funfuna ce, kuma in ta daɗe tana cin fuskar gilashin, gogewa ba ta mayar da shi. In ka ga hazo, hotonka zai fito a dushe. Ko dillalan Japan na gaskiya sukan rubuta cewa kaya kamar sabo ne, sai can ƙasa ka tarar da "akwai ɗan hazo". A karanta har ƙarshe. Soson da ke toshe haske a kyamarori irin su RB67 da Yashica Mat-124G yana narkewa da tsufa ya zama kamar kwalta. Gyaransa ba wuya, amma a rage shi a kuɗi.

Mai tallan nan har fim yana sayarwa, wai sabo daga firji. In ya ce fim ɗin Pro 400H ne, Fujifilm ta sanar da daina yin sa tun farkon 2021, don haka babu sabonsa. Fim 120 da ya sha zafin bazara, sau da yawa lambobin takardar bayansa kan fito a jikin hoton, kuma ba za ka sani ba sai bayan an wanke.

Kafin ko sisi ya fita, ka nemi kiran bidiyo. Ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda, ya ajiye kusa da kyamarar, ya saita saurinta a kan daƙiƙa ɗaya, ya ɗana ta ya danna kana jin buɗewa da rufewarta. Ɗan damfara zai ce kyamarar wayarsa ta lalace. In da hali, ka tura wani naka ya gani da ido. In a eBay ne, kada ka yarda a janye ka zuwa WhatsApp a gama ciniki, domin kariyar mai saye tana aiki ne kawai in a can ka biya. A PayPal kuma, wato manhajar biyan kuɗi ta intanet, hanyar tura wa dangi da abokai ba ta da wannan kariyar.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya garzaya bankinsa a ranar, ba gobe ba, ya nemi a kai ƙorafi kan asusun da ya karɓa. Ya adana hirarrakin da rasit da lambobin waya, ya kai wa 'yan sanda ko EFCC. Bayan haka wani zai iya ɓullowa ya ce shi jami'i ne, zai dawo maka da kuɗinka in ka ba da na aiki. Su ne dai suka sake dawowa, kada a ba shi.