Sakandaren da Ɗalibanta Suka Ƙare a Shikago

Yaya, bayan gaisuwa, ina fatan kowa lafiya, a gaida mini su Hajiya. Ka tambaye ni halin makarantun gwamnati a nan Shikago, kai da ka shekara ashirin da alli a hannu.

Ranar da na kai yarona rajista ba a karɓi ko sisi ba. Shaidar adireshin gida, takardar haihuwa da katin rigakafi suka nema, ba wanda ya tambaye mu takardun zama. Karin kumallo da abincin rana kyauta ne ga kowane yaro, kuma kowa da kujerarsa. Sai na tuna ajin nan naka da ka ce sun haura ɗari, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga.

Amma ga abin da ya tsaya mini a rai. Hanyar wurin aikina takan bi ta Englewood, wata unguwa a kudancin gari. A nan sakandaren Paul Robeson take a da. An rufe ta a 2018, aka rushe ginin. A gida idan ka ji an rufe makaranta, ka san yajin aiki ne ko 'yan bindiga. Ita wannan ɗalibai ne suka ƙare mata. Ginin da zai ɗauki yara fiye da dubu, a ƙarshe waɗanda ke ciki ba su kai 200 ba, kusan dukansu baƙar fata, mafi yawa 'ya'yan talakawa.

Unguwar ce ta fara zubewa. A 1960 mutanen Englewood sun haura 97,000, a ƙidayar 2020 kuwa kusan 24,000 suka rage. Masana'antu sun tashi, harbe-harbe sun yawaita, iyalai suka kwashe zuwa bayan gari da jihohin kudu. Waɗanda suka zauna ɗin ma, tunda a nan yaro yana iya neman sakandare a ko'ina cikin gari, masu hali da masu ƙwazo sai suka bi bas suka tafi wasu makarantun.

A lokacin, kuɗin makaranta bisa yawan kawuna ake ba da shi. Yara na raguwa, kuɗi na raguwa, a sallami malamin wannan darasi, a soke wancan, iyaye su gani su ƙara janye 'ya'yansu. Daga baya hukuma ta zo ta ce makaranta ta yi wofi. Wallahi ni ban ga adalci ba a yunwatar da wuri sannan a kama shi da laifin rama.

Ba ita kaɗai ba ce. Hukumar ilimin gari ta haɗa ta da sakandarun Harper da Hope da TEAM Englewood, huɗu a shawarar rufewa ɗaya. Kafin nan, a 2013 zamanin magajin gari Rahm Emanuel, an rufe makarantu kusan 50 a lokaci guda, yawancinsu a unguwannin baƙar fata.

Gaskiya sun gina sabuwa a filin Robeson, Englewood STEM, sakandaren kimiyya da fasaha, kan dala miliyan 85, aka buɗe ta a 2019. Ginin ya yi kyau ƙwarai. Sai dai 'yan aji na farko kawai ta fara ɗauka, yaran Robeson kuwa tuni an rarraba su wasu makarantu, wasunsu suna ratsa unguwannin da suke tsoron shiga kowace safiya.

Ka rubuto mini ko an kawo muku kujerun da aka yi alkawari.