Kwana shida a motar tafi-da-gidanka daga Banff zuwa Jasper

Tunda muka dawo kowa ya kira sai ya ce wai motar nan ta ci kuɗinta kuwa? To ta ci, amma ba yanda aka tallata mana ba. Mu biyar ne, ni da maman yara da yara uku, mun ɗauko ta haya a birnin Calgary na ƙasar Kanada cikin watan Yuli, irin wadda Turawa ke ce wa RV ɗin nan, mai gado a saman kan direba da kicin da firij da ɗan banɗaki a ciki. Lasin ɗina na ƙaramar mota ya isa, ba su nemi wani ba.

Bari in fara da abun da ya ɓata min rai. Farashin da na gani a intanet na kwana ne kawai. Da muka je karɓa sai ga kuɗin kilomita daban, inshora daban, tukwane da cokula daban, har bargo da filo sai ka biya, ga kuɗin ajiya da suka riƙe a kati. Na ce wa yarinyar da ke kan tebur to iskar taya fa, ita ma nawa ce? Ba ta yi dariya ba. Kuma mai take sha kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma, a hanyar Lake Louise zuwa Jasper kuwa, kusan kilomita 230, gidan mai ɗaya ne tal a Saskatchewan River Crossing, su ma sun san su kaɗai ne shi ya sa farashinsu ba tausayi. Ka cika tanki tun kafin ka hau hanyar, sabis ɗin waya ma babu a yawancinta.

Wancan zance na wai duk inda dare ya yi maka nan ne gidanka, a cikin gandun dajin Banff da na Jasper dai ƙarya ne. Ba a kwana a gefen titi, dole sai a zangon da hukumar gandun daji ta ware, kuma masu wuta da ruwa tun cikin hunturu ake kame su. Mu mun makara, kwana biyu kawai muka samu a zangon Tunnel Mountain da ke gefen garin Banff, sauran sai wuraren da ba lantarki. Tafkin Moraine da maman yara ta ƙwallafa rai a kai, tun 2023 aka hana motocin mutane hawa, sai dai bas.

Amma fa hanyar, Allah mai iko. Ni da na taso ina ganin dutsen Dala a matsayin dutse, ga ni ina tuƙi tsakanin duwatsu masu farar ƙanƙara a ka a tsakiyar bazararsu, kuma da yake kujerar motar na da tsayi kana hango komai ta saman ƙananan motoci. A Bow Summit, wajen mita 2,000 da ɗoriya, muka taka zuwa inda ake leƙen tafkin Peyto, ruwan shuɗi-kore kamar an zuba masa baba, autarmu ta rantse fenti ne. Ashe ƙanƙara ce ke niƙa dutse ya zama gari mai laushi, garin ya tsaya cikin ruwa rana ta haska shi. A ƙanƙarar Athabasca kuma sun kafa alluna masu shekaru, kowanne na nuna inda bakin ƙanƙarar yake a shekarar kafin ta narke ta ja baya, kana tafiya kana wuce su har ka gaji ba ka iso ta ba, wannan ya fi duk wani bayanin ɗumamar yanayi da na taɓa ji a rediyo shiga raina. Jasper kuwa har yanzu da tabon gobarar dajin Yulin 2024 da ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na gine-ginen garin, baƙaƙen itatuwa a tsaye ko'ina.

Tuƙin ba wuya sai ribas da gangara. Ribas dai maman yara ke sauka tana min kwandasta, a gangara kuma ka sa ƙaramar giya, in ka ce birki za ka dinga takawa za ka ji ƙauri.

Inda motar ta biya ni shi ne abinci da sallah. Mun sayo naman halal a Calgary muka cika firij, ba ruwanmu da tambayar me aka sa a cikin miya, ranar nan har tuwon semo da miyar kuka muka ci muna kallon dutse. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma, asuba kuma ta yi sammako, ga sanyin dare kamar ba Yuli ba, to samun ruwan ɗumi na alwala da buta a banɗakinka ba tare da ka fita cikin duhu a dajin da ke da beyar ba, wallahi wannan kaɗai ya isa. Dokarsu kan abinci da tsanani, ko kwanon da aka ci ba a bari a waje, mun bar kula a kan tebur muka shiga ciki ba a jima ba ma'aikaciya ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, cikin ladabi dai amma ta ja kunne.

Sai dai duk abun da ya shiga banɗakin nan kai za ka fitar da shi da hannunka. Akwai wurin juyewa, ka sa safar hannu ka jona tiyo, ka fara buɗe tankin masai sannan na ruwan wanke-wanke ya biyo ya ɗauraye tiyon. Karon farko ban ɗaure bakin da kyau ba, ba zan ƙarasa labarin ba, takalmin dai a can na bar shi, yara kuma har yau in sun so tsokanata sai su ce Abba tiyo.

Mai iyali da zai yi kwana biyar zuwa sama ya ɗauka, ya kama zango da wuri, ya zo da bargonsa da tukwanensa daga gida. Ku biyu ne kawai, ƙaramar mota da otal sun fi muku sauƙi. Kuɗin ajiyata sai da na kira sau uku kafin suka sako, sun kuma zaftare wani abu wai an samu yajin suya a kujera.