Sharhi: anti-bayros na kyauta da ya shigo mini kwamfuta ba gayyata

Ina da shagon buga takardu a Birnin Kebbi, ba nisa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, kuma yawancin cinikina na ɗalibai ne: aikin kammala karatu, cike fom a intanet, fitar da sakamako. Duk mai wannan sana'a ya san filashin ɗalibi ba abin yarda ba ne, don ya zaga shago goma kafin ya zo gare ka. Shi ya sa nake biya wa babbar kwamfutar shagon anti-bayros na shekara, kuma muna zaman lafiya da shi. Wannan sharhin a kan wani ne daban, wanda ya biyo wata manhajar buɗe PDF ta kyauta ya shigo. Ba zan kama sunan kamfanin ba, halin ba nasu ne su kaɗai ba.

A shafin da ake sauke manhajar akwai wani ɗan akwati can gefe, da ƙananan rubutu, an riga an sa masa alamar amincewa. Ma'anarsa, in ba ka cire alamar da hannunka ba, ka yarda ke nan. Mai sauri, layi na jiransa, maɓallin ci gaba kawai yake gani. Masu manhajar kyauta ana biyansu a kan kowace kwamfuta da irin wannan kaya ya sauka a cikinta, nan ribarsu take. Abin da ya sauka mini guda biyu ne: anti-bayros na gwaji na wata ɗaya, da wani ƙari da ya maƙale a burauza ya canza mini wurin bincike.

Alamar farko nauyi ce. Kwamfutar 'yar gwanjo ce mai ram 4GB da tsohon faifan ajiya mai juyawa, amma da tana aikinta. Sai ga shi fayil ɗin Word mai shafi kaɗan sai ka zauna kana kallon da'irar nan tana juyi. Fanka tana ta huci, ga zafin Afrilu, ga janareta yana shan mai. Yaron shagona ne ya fara magana: “Maigida, wagga na'ura ta gaji, ko hwamat za mu yi mata?” Wato a goge komai a sake ɗora Windows. Na ce a dakata. Da na danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager, mai nuna abin da kowace manhaja ke ci, ya nuna faifan yana kan kashi 100 cikin 100, kuma sunaye biyu ne a saman jerin, anti-bayros ɗina da baƙon.

Dalilin a fili yake in mutum ya san yadda suke aiki. Anti-bayros mai tsaro a kowane lokaci yana kafa kansa ne tsakanin Windows da faifan ajiya, duk fayil ɗin da za a buɗe, a kwafa ko a adana sai ya tsare shi ya duba tukuna. In sun zama biyu, kamar masu gadi biyu ne a ƙofa ɗaya waɗanda ba su yarda da juna ba: wannan ya caje baƙo, wancan ya sake caje shi, sannan su juya suna cajin aljihun juna. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi ɓarna. Nawa ya kama bayros a filashi zai kai shi killace, baƙon ya ga ana taɓa fayil mai cuta ya riƙe shi shi ma, sai Windows ta ce wata manhaja tana amfani da fayil ɗin. Gargaɗi biyu a allo, bayros kuma yana nan zaune. Wata ɗaliba tana tsaye da filashinta, tana ganin jan rubutu ta ce, “Malam, ba dai aikina ya tafi ba?” Bai tafi ba, amma sai a ƙaramar kwamfutar muka fitar mata. Sabunta bayanan anti-bayros ɗina ma ya riƙa yankewa a hanya, kuma bai daidaita ba sai da baƙon ya fita.

Ba zan ci amanarsa ba, yana kama bayros. Wanda yake ɓoye fayilolin filashi ya mayar da su gajerun hanyoyi, wanda ya addabi shaguna irin namu, ya gane shi nan take. Da shi kaɗai ne a kwamfutar, mai yiwuwa da hukuncina ya sassauta. Amma rabin aikinsa talla ne. Kullum sai ya fito da jan allo wai kwamfutata tana cikin haɗari, in ka danna don ganin haɗarin sai ya kai ka shafin biyan kuɗi da dala. Kwamfutar da take da kariyar da aka biya, ita ce wai ba ta da tsaro. Ga kuma datar da yake ci wajen sauke nasa bayanan, wadda ni nake saya.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, tun Windows 8 a 2012 Microsoft ta sa cikakken anti-bayros a cikin Windows, wato Defender, kuma shi yana da ladabi: da zarar wani ya yi rajista a matsayin mai tsaro sai ya ja gefe. Na wasu kamfanonin ba duka suke yi wa juna haka ba. Ƙaramar kwamfutata Defender kaɗai ke cikinta, filashin da ake sa mata ba su fi na babbar tsabta ba, kuma ban ga ta kasa ba.

Fitar da shi ma sai da aka yi da gaske. Ka ce cire, ya tambaye ka ko ka tabbata, ya yi maka tayin ragi, ya nemi dalili. Bayan an sake kunna kwamfutar, sunansa ya ɓace daga jerin manhajoji amma ragowarsa tana tashi tare da Windows. Sai da na sauke manhajar gogewa ta musamman daga shafin kamfanin, irin wadda yawancin kamfanonin anti-bayros suke da ita don wannan matsalar, sannan na bi burauza na cire ƙarin da hannu, na bi da AdwCleaner, manhajar share irin wannan tarkace, na share sauran. Faifan ya sauko, fanka ta yi shiru, ba a yi fomat ba.

Ban ba kowa shawarar barin irin wannan baƙo a kwamfutarsa ba, musamman mai tsohuwar kwamfuta. A Windows Security, wato sashen tsaro na Windows, ƙarƙashin App & browser control, akwai wurin toshe manhajojin da ba a so; Microsoft ta fara kunna shi da kanta tun Agustan 2021, amma a kwamfutocin gwanjo da masu gyara suka taɓa yana da kyau a leƙa a tabbatar. Wanda kuma ya sayi sabuwar laftof, sau da yawa da na gwaji a ciki take zuwa, don haka ya buɗe Windows Security ya ga sunan wanda ke tsaro kafin ya bari a ɗora masa wani a kasuwa.