Mako goma a ajin koyon harshen Quenya

Daren Asabar goma na yi a jere ina zama gaban kwamfuta, ina koyon harshen da babu jaririn da ya taɓa tashi da shi a bakinsa. Sunansa Quenya, ɗaya daga cikin harsunan da J.R.R. Tolkien, marubucin littafin The Lord of the Rings, ya ƙirƙira. Ajin na intanet ne, bidiyo kai tsaye, awa ɗaya da rabi kowane zama, mu goma sha huɗu da malama guda. Tun da muka kammala ake tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, to ga abin da na gani.

Na shiga da zaton za a fara da gaisuwa da ƙirge, irin na kowane ajin harshe. Malamar ko kallon wannan hanyar ba ta yi ba. Kalma ɗaya ta ɗora a allo, ela, ma'anarta "duba!" A tatsuniyar Tolkien, lokacin da jinsin Eldar suka farka a bakin ruwan Cuiviénen babu rana babu wata, taurari ne farkon abin da idonsu ya gani, wannan kuma ita ce kalmar da ta fara fita daga bakinsu. Daga tushenta aka sami elen, tauraro, aka sami sunan Eldar kansa, mutanen taurari. Su kuwa da farko Quendi suka kira kansu, wato masu magana da murya, domin ba su haɗu da wata halitta mai magana ba tukuna. Cikin minti ashirin na fahimci irin ajin da na faɗo: ana fasa kalma ne kamar kwakwa, a ga abin da marubucin ya ɓoye a ciki.

Kafin wani ya ce aljanu ne, a'a. Eldar suna da jiki, suna aure, suna haihuwa, ana kashe su a fagen yaƙi. Tsufa da cuta ne ba sa kai su kabari. Na daɗe ina neman sunan da zan ba su da Hausa, na haƙura.

Wannan rashin mutuwar ne ya haifar da darasin da ya fi zauna min a rai, na mako na bakwai. Mutanen da ba sa mutuwa don tsufa ba su da kalmar irin wannan mutuwar. Suna da ta kisa, suna da ta halaka, amma mutum ya kwanta kawai rai ya fita, ba su san shi ba balle su raɗa masa suna. Sai ga Míriel, wadda haihuwar ɗanta Fëanor ta zuƙe mata ƙarfi gaba ɗaya, ta je ta kwanta a lambun Lórien, ruhinta ya bar jikinta. Da suka rasa abin cewa, sai suka ari kalmar da ke nufin sakin dogon numfashi, irin na ajiyar zuciya, suka kira ta Fíriel. Daga nan 'yan Adam suka sami sunan Fírimar, masu mutuwa, ko in bi asalin kalmar in ce masu sakin numfashi. Ina jin haka na tuna yadda bakinmu ke kauce wa kiran abin da sunansa, mu ce ya cika, mu ce rai ya yi halinsa. Tolkien masanin tarihin harsuna ne a Jami'ar Oxford, ya san cewa haka kalmomi ke yi a harsunan gaske, sai ya sa nasa ma ya yi. Abin da ya ƙara ɗaure min kai shi ne, a duniyar labarin mutuwar ɗan Adam kyauta ake kiranta, daga Mahalicci, har waɗanda ba su da ita suna iya kai wa ga sha'awarta idan zamani ya yi musu tsawo. Sunan ɗan Míriel ma ba a banza yake ba: fëa ruhi ne, kishiyar hröa, jiki, Fëanáro kuwa ruhin wuta. Wanda ya san ɓarnar da ya jawo daga baya zai ce suna linzami.

A mako na takwas malamar ta kawo kalmomi biyu na fata. Amdir, wadda daga wani harshen Tolkien mai suna Sindarin take, shi ne sa rai saboda ka ga alama, kamar hadari ya haɗu ka ce yau za a yi ruwa. Estel kuwa dogaro ne da ba ya jiran alama, yana tsaye ko da duk abin da ido ke gani ya nuna an yi asara. Kalmar da ta fi kusa da shi a bakina ita ce tawakkali, ko da yake ba na son ɗora wa marubucin rigar da ba tasa ba. Estel ne sunan da aka kira Aragorn, magajin sarauta a The Lord of the Rings, da shi yana yaro, lokacin da ake ɓoye asalinsa. Na karanta labarin sau uku a baya, ban taɓa sanin nauyin da sunan ke ɗauke da shi ba.

Dole a zo kan addini, kuma a nan na fi yaba wa malamar. Mahalicci a labarin shi ne Eru, wato Ɗaya, ana kuma ce masa Ilúvatar. Duniya ta samu ne da ya furta kalma guda, Eä, "ya kasance", wadda ta zama sunan halittar baki ɗaya. Duk mai addinin littafi zai ji wannan ya gane inda aka ɗebo ruwan. Ba ta yi kwana-kwana ba: Tolkien ɗan Katolika ne na sosai, a wata wasiƙa ta 1953 shi da kansa ya ce aikin nasa na addini ne a ainihinsa, har ya fassara addu'o'in cocinsa zuwa Quenya, aka buga su a 2002. Amma mutum biyu a ajinmu sun zo da wata manufa daban. Suna son a ba su jimlolin da za su riƙa maimaitawa suna rufe ido, wai sautin harshen yana da sirri. Ta amsa musu cikin ladabi cewa adabi take koyarwa. Sannan ta nuna mana sananniyar gaisuwar nan da ke cewa tauraro na haskaka sa'ar haɗuwarmu: a bugun farko na The Lord of the Rings omentielmo aka rubuta kalmarta ta ƙarshe, a bugu na biyu ta koma omentielvo, saboda marubucin ya sake tunani kan wakilin suna. Tun wajen 1915 yake gyaran harshen nan, bai ajiye alƙalami ba har ya rasu a 1973. Sirrin da ake yi wa kwaskwarima tsakanin bugu da bugu, ni dai ban ga abin rufe ido a kansa ba. Ɗaya daga cikin su biyun bai ƙara zuwa ba.

Ta kuma nuna cewa ba daga sama abin ya faɗo ba. Sautin Quenya daga harshen Finlan ne da Latin da Girkanci, ɗan'uwansa Sindarin kuwa daga na Wels. Sunan Eärendil a wata tsohuwar waƙar Ingilishi Tolkien ya tsince shi, inda ake kirari ga Earendel a matsayin mafi hasken mala'iku. A 1914 ya rubuta waƙa a kansa, daga baya ya saka wa sunan sabuwar ma'ana a Quenya, masoyin teku, ya mai da shi matuƙin jirgin ruwa da ya zama gamzaki. Kalma ce ta zo da fari, labari ya biyo ta a baya, kuma haka shi ma ya faɗa a 1955, cewa ya gina labaran ne don harsunan su sami duniyar zama.

Inda ajin ya yi rauni fa? Mako na uku zuwa na biyar nahawu ne zalla, ɗafa-ƙeya iri goma da suna ke ɗauka, ga tilo ga jam'i ga siga ta musamman don abu biyu. Jadawali kan jadawali, muryarta ma kanta sai da ta yi sanyi. Rubutun Tengwar, haruffan da ake rubuta Quenya da su, zama ɗaya kacal ya samu, alhali kowane harafi yana da sunansa mai ma'ana, wannan fitila, wancan littafi, wani ruhi. Bidiyon da ake turo wa wanda bai samu halarta ba yakan yi kwana huɗu bai iso ba, sau biyu kuma ya zo babu sauti.

Duk waɗannan masu sauƙi ne. Wanda ya ɓata min rai shi ne takardar kalmomin da ta raba mana. Tolkien bai bar cikakken ƙamus ba, don haka masoyansa suka riƙa ƙera sababbin kalmomi suna cike giɓi. Ba laifi ba ne. Laifin shi ne ta zuba nasa da nasu a kwano ɗaya ba tare da wata alama ba. Na kwana biyu ina tono ma'anar wata kalma, ina jinjina wa zurfin tunanin marubucin, ashe bai taɓa rubuta ta ba. A ajin da duk jarinsa shi ne me mutumin nan ya nufa da wannan kalmar, irin wannan sakacin ba ƙarami ba ne.

Wanda bai karanta The Silmarillion ba, littafin Tolkien da ɗansa Christopher ya fitar a 1977, zai sha wuya, domin tana ambaton sunaye kamar kowa ya san su. Mai son ya iya hira da Quenya shi ma ya nemi wani wurin.

Zango na biyu kan Sindarin ne. Na rubuta mata cewa zan shiga idan za ta sa alama a gaban duk kalmar da ba daga hannun Tolkien ta fito ba. Yau kwana tara ke nan, ina jiran amsa.