Kwalin gwajin gaggawa na murar tsuntsaye: kada layi ɗaya ya ruɗe ka

Aikina bin gaɓar tafki ne ina duba tsuntsayen da ke yada zango lokacin ƙaura, shi ya sa kwalin nan ba ya barin jakata. A ciki akwai tsinke mai auduga, 'yar kwalbar ruwan magani, da fallen roba mai taga. Za ka goga audugar a maƙogwaron tsuntsu ko duburarsa, ka jujjuya ta a kwalbar, sannan ka ɗiga ruwan a ramin fallen. Cikin kamar minti 15 layi zai fito. In biyu ne, akwai ƙwayar cutar.

A kan mushen da bai daɗe da faɗuwa ba, yana aiki tsaf, domin H5N1, wato nau'in murar tsuntsaye mai kisa, kan mamaye jikin tsuntsun da ta kashe. Ba ruwansa da wutar lantarki, kuma ko da hannu na rawa ana iya yi.

Matsalar tana wurin agwagwar ruwa mai rai. Takan ɗauki cutar tana iyo abinta, ba ko alamar ciwo, ƙwayar da take fitarwa kuma wani lokaci ba ta kai yadda fallen zai gani ba. Sai ya nuna maka layi ɗaya, ka saki jiki, alhali akwai lauje cikin naɗi. Idan kuwa daga kashin tsuntsu ka ɗebo, datti kan rina tagar, ka yi ta karkata ta ga hasken rana kana tantama ko layi ne ko inuwa. Wanda nake amfani da shi ma iyakarsa ya ce mura ce nau'in A. Ko mai kisa ce ko mai sauƙi, sai ɗakin gwaje-gwaje ya yi PCR, gwajin da ke tantance ainihin nau'in ƙwayar.

Cutar nan ba ta wasa ba ce. A 2005 ta kashe tsuntsaye sama da 6,000 a tafkin Qinghai na Sin, a ƙarshen 2021 ta tsallaka zuwa Arewacin Amurka, a 2024 aka tabbatar da ita a Antatika. Don haka duk abin da fallen ya nuna, ina ɗaukar samfuri na biyu in sa a akwatin ƙanƙara, in kira likitan dabbobi.

Ku tanadi safar hannu mai kauri da takunkumi, kwalin bai zo da su ba. Kada kuma ku bar shi cikin mota da rana, zafi na lalata shi.