Mahaucin da nake sayen naman akuya a wajensa a Wudil

Jama'a duk mai shiga Wudil ran Juma'a, akwai wani dattijon mahauci can gefen 'yan awaki, wallahi namansa daban ne. Ni shekara 2 kenan a gunsa nake saye. Abin da ya sa na liƙe masa, taure yake yankawa ba bunsuru ba, kun dai san warin bunsuru ko an zuba citta da kanumfari sai ya taso maka a miya, to nasa babu wannan ko kaɗan.

Satin da ya wuce nace Baba a ban haƙarƙari na dubu 4 da ɗan kayan ciki, ya sara min daidai girman tukunya har da gyara ya ɗora. Uwargida ta tafasa shi da albasa da tafarnuwa da masoro a kan murhu, wuta kaɗan kaɗan, ko awa ɗaya bai kai ba yayi lugub, ba sai an jefa kanwa ba kamar na tsohuwar akuya, kanwar nan ma kashe ɗanɗanon nama take. Romon muka kaɗa miyar kuka da shi da daddawa, ga tuwon dawa, yara har suɗe kwano.

Matsalarsa ɗaya gaskiya, gatari yake sa wa ƙashi sai ka tarar da ɓaraguzai a ƙasan romo, dole a tace saboda yara. Kuma in ka bari aka sakko masallaci to sai dai kai da ƙafa zaka samu, ku je da hantsi.